Bayani a Kan Kasuwar Gidan da Ba na Sayarwa Ba

Abu na farko da ɗalibin wannan fanni zai haddace, tun kafin ya tuɓe takalmi, shi ne cewa a Maradi ba a sayar da babban gida. Ana dai sayensa. Kowace shekara za ka ji wane ya sayi bene a unguwar Zariya, wane ya sayi wani a Ali Ɗan Sofo, har a taru a yi masa Allah ya sanya alheri, a ci shinkafa a watse. Amma ka ɗauki kabu-kabu ka bi garin tun daga Bagalam har Burja kana cigiyar mutum ɗaya da zai ce shi ne ya sayar, mai babur zai ƙarar da mansa ba ku same shi ba. Masu ilimin tattalin arziki da suka yi karatu a Yamai da Dakar sun ɗauka kowane ciniki sai da mutum biyu, mai bayarwa da mai karɓa. Ra'ayi ne mai kyau, kuma yana aiki a kasuwar tumatir. A kasuwar manyan gidaje ta Katsinar Maradi kuwa, mai saye ne kaɗai aka iya tabbatar da samuwarsa.

Abin da ke faruwa ga ɗaya ɓangaren yana da sunaye da yawa, kuma babu sayarwa a cikinsu. Wani zai ce an roƙe shi ne ya bar wa ɗan'uwa. Wani zai ce iyali sun koka unguwar ta yi nisa da makarantar yara. Wani zai ce dama ba don zama ya gina shi ba. Wanda ya fi kowa ƙwarewa ba ya cewa uffan: sai ya tafi Umara, kafin ya dawo an ga wasu labule a taga.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda aka tara dukiyar garin nan. Maradi gari ne na lamuni. Tun zamanin gyaɗa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA kan ba amintattunsu kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, su kuma su raba wa yaransu, kowa yana riƙe da kuɗin wani. Da gyaɗa ta durƙushe bayan farin 1973 da 1974, alhazai suka ƙara ƙarfi wajen fiton kaya: abin da ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, atamfa ce ko taba ko shinkafa, ya hau mota ya zo Maradi ya huta, sannan ya tsallaka Najeriya. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya yi littafi sukutum a kan waɗannan alhazai a 1986, kuma ya gane cewa jarinsu na gaskiya shi ne arzikin mutane da amana. Wanda zai ba ka kaya tirela biyar bashi ba zai nemi takardar bankinka ba. Yaronsa zai aiko ya gaishe ka. Yaron kuwa yana gaisuwa yana duban ƙofar gida, yana ƙirga motoci, yana ƙirga takalman masu jiran fitowarka. Gidan shi ne jinginar da ba a karɓa, kallonta kawai ake yi. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ce ya sa gidansa a kasuwa daidai yake da wanda ya ɗauki sanƙira ya zaga da shi gari yana shelar cewa ya karye.

Fasali a kan abin da ake kira babban gida

Masana sun yi saɓani a kan ma'anarsa. Mazhabar magina ta ce shi ne gidan da ya ci siminti fiye da abin da aka faɗa wa mai shi tun farko. An yi wa wannan ra'ayi raddi da cewa in haka ne kowane gida babba ne. Mazhabar mata ta ce shi ne gidan da kowace mace ke da sashenta da madafarta, har ba ta jin ƙamshin tukunyar abokiyar zamanta. Ra'ayi ne mai ƙarfi, sai dai hujjarsa tana can cikin gida inda mai bincike ba ya shiga. Mazhabar dillalai, wadda muka rinjayar, ta ce babban gida shi ne wanda mai wucewa a kan babur yake rage gudu in ya zo daidai shi, ba don rami ba.

Abin da ke sa a rage gudun shi ne yake sauyawa da zamani, kuma shi ne masu boko ke kira salon kasuwa. Tsohon garin Maradi a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ruwa ya zo ya ci shi, Turawan mulkin mallaka suka hayar da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu, suka yanka ƙasa gida huɗu-huɗu, abin da ya bar mana kalmar kare, wato fili, har da unguwa mai suna Sabon Kare. (Tanbihi ga baƙi daga Kano: in aka ce maka Alhaji yana da kare arba'in a bayan gari, kada ka ji tsoron zuwa gaishe shi. Ba sa cizo, sai dai in rabon gado ya tashi.) A wancan lokaci soro ne ke tsayar da mai tafiya, da zankwaye, da shafen makuba, da zaure mai sanyi da azara ta riƙe. Kwano ya zo ya kori azara. Siminti ya kori tubali. Sai aka shiga zamanin dal, rufin kankare wanda ke tara zafin rana tun hantsi ya ajiye wa mai gida har tsakar dare, kamar amana. Bayansa bene. Bayan bene sai karo, wanda aka fara shimfiɗawa a ƙasa, ya hau bangon makewayi, ya fito tsakar gida, daga ƙarshe ya tsallake katanga ya manne a waje yana ƙyalli, har ya zama mutum ba ya iya jingina da gidan maƙwabcinsa ba tare da ya zame ba.

A yau ma'aunin da ya fi inganci shi ne ƙofa. Ƙofar babban gida takan fi ƙarfin motar da za ta shiga cikinta ninki biyu a tsawo, kuma har yanzu ba a gano abin hawan da aka yi ta dominsa ba. Wasu masana na ganin raƙumi ne mai ɗauke da wani raƙumi. Kusa da ita akwai masallaci, wanda ba ya shiga lissafin kuɗi amma yana shiga lissafin daraja. Sama da ita akwai tankin ruwa, alamar an haƙa rijiyar burtsatse ba a jiran famfo. Tun watan Agusta na 2023 kuma, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, faifan sola ya shiga cikin sharuɗɗa. Aka gano a lokacin cewa bene mai gilashi ba tare da kilim mai sanyaya ɗaki ba tanda ce mai matakala.

Marubucin wannan bayani ya samu shiga irin wannan gida sau ɗaya, tare da malaminsa a fannin, wani dattijon dillali da ke da ofis a ƙarƙashin bishiyar bedi, mai ɗauke da benci ɗaya da buta da waya uku. Ya gindaya mini sharaɗi tun a hanya.

"Mushe, in an tambaye ka, kai birkila ne, ka zo duba tsaga."

"Baba, gidan yana da tsaga?"

"Kowane gida na da tsaga. In babu ga bango akwai ga aljihu."

Mai gadi ya buɗe mana ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar, muka sunkuya muka shiga, don ita babbar ba a buɗe ta ba tun ranar walima. A garejin da aka yi wa mota huɗu na tarar da jajayen awaki shida irin na Maradi, suna cin harawa a kan karo mai tsada, kuma ban ga alamar sun san darajarsa ba. Falon farko kujerunsa na cikin ledarsu, ƙurar hunturu biyu ta kwanta a kai har wata ƙadangaruwa ta bar sawu daga hannun kujera zuwa labule. Daga rufi wata fitila ce ta sauko mai 'ya'ya sun fi ɗari, uku daga cikinsu na kamawa. Falo na biyu, na manyan baƙi, cike yake har kusa da silin da buhunan aya, ana jiran ta yi kuɗi. Na hau sama. Ɗaki bakwai, kowanne da makewayinsa, kowane makewayi da bahon wanka na Turawa, kuma a cikin baho ɗaya na ga albasa an shanya. Mutanen da ke kwana a gidan duka su ne mai gadi da matarsa da 'ya'yansu biyar, a ɗaki ɗaya jikin ƙofa. Da muka fito sai na ga wani dattijo a waje, a gindin katanga, kan tabarma, ya tuɓe hula yana shan fura da ludayi, mutane uku na durƙushe gabansa. Malamina ya zube ya ce ranka shi daɗe, an yi sanyi ƙalau. Shi ne mai gidan. Iyalinsa suna tsohon gidan laka a Mokoyo, inda uwargida ta ce ko da kuɗi ba za ta bar maƙwabtanta ba.

Daga nan aka ciro ƙa'idar da ake kira ƙa'idar waje, wadda ta ce amfanin babban gida yana komawa ne ga wanda ke tsaye a wajensa, har da mai shi.

Fasali a kan ƙofofin da gida ke bi ya shigo kasuwa

Tunda an tabbatar ba a sayarwa, sai a tambaya ta ina gidajen da ake saye suke fitowa. Babbar ƙofa ita ce mutuwa, domin mamaci ne kaɗai ba ya jin kunyar a ce ya sayar da gida. A ɗauka, don misali, Alhaji ya rasu ba shi da uwa ba shi da uba a raye, ya bar mata huɗu da 'ya'ya maza 10 da mata 12. Matan za su raba tumuni, kowace ta tashi da kashi 1 cikin 32. Sauran kashi 7 cikin 8 a raba shi gida 32, namiji ya ɗauki biyu mace ta ɗauki ɗaya. Kowace ɗiya ke nan tana da kashi 7 cikin 256 na matakalar marmara, da na tankin ruwa, da na fitilar nan mai 'ya'ya ɗari. Ba a taɓa ganin matakalar da aka raba gida 256 ta ci gaba da kai mutum sama ba. Dole a yi wa gidan kuɗi. A nan ma ba a cewa an sayar. Cewa ake an fitar wa marayu haƙƙinsu, ko da ƙaramin marayan yana da furfura.

Ƙofa ta biyu karaya ce, kuma ita ce ke buƙatar dillali na gaske, wanda aikinsa kashi ɗaya ne ciniki, kashi tara rufin asiri. Ba a kai mai saye da hantsi lokacin da unguwa ke a farke. Ana kai shi da tsakar rana a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura 40 maƙwabta duk sun kwanta, ko kuma bayan isha'i a matsayin mai neman gidan wani ya ɓata. Ba a taya gida gaban mai shi. Dillali ne zai kai tayi a kunne, ya dawo da albarka a kunne, ya sake komawa, har ranar da za a ce an sallama, ita ma a kunne. Kuma da wuya dillalin ya zama ɗaya. Akwai wanda ya san mai gida, da wanda ya san wanda ya san shi, da wanda ya san mai saye, da wanda yana zaune a bencin lokacin da aka fara maganar. Kowannensu na da haƙƙi a la'ada, wasu kuma na da ɗan abin da suka ɗora a bisa farashi don kada ya ji sanyi a hanya. Shi ya sa gida ɗaya ke da kuɗi uku: wanda mai shi ya karɓa, wanda mai saye ya biya, da wanda gari ya ji. Na ukun ya fi kowanne girma, kuma shi kaɗai ne ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Ƙofa ta uku ta ma'aikata ce da 'yan siyasa, waɗanda kan gina gida a lokacin da suke kan kujera su rabu da shi a lokacin da wani ke kanta. Ba za mu tsawaita a nan ba.

Fasali a kan hawa da saukar farashi

Ɗalibi ya sani cewa a Nijar ana ƙirga ƙananan kuɗi da dala, wato tamma biyar-biyar, a ƙirga na tsakiya da jika, a ƙirga na gida da miliyan, sannan a juya duka zuwa naira a ka don a san ko an ci riba. Wannan juyin shi ne zuciyar al'amarin. A 1980 naira guda a farashin hukuma ta haura dala sittin. Yau ba ta kai tamma ɗaya ba. A tsakanin nan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, abin da ya sa wasu suka kwana attajirai suka tashi matsakaita, wasu kuma akasin haka, ya danganta da irin takardar da ke ƙarƙashin matashinsu. Katsina ba ta kai tafiyar kilomita 100 ba daga Maradi, Yamai kuwa ta haura 600. Saboda haka gidajen Maradi Yamai ce ke ba su takarda, amma zazzaɓinsu daga Jibiya, bakin iyakar Najeriya, yake shigowa. In naira ta faɗi, mai sefa ya tsallaka ya sayo kwano da fenti da karo da araha, gini ya tashi. Amma kuma mai sayen kayansa na Kano ya rasa abin biya, gini ya tsaya. Ka ga ke nan faɗuwar naira tana sa gini ya tashi kuma ya tsaya, kuma duka biyun an gan su a gida ɗaya.

Wanda ke son tarihin wannan kasuwa ba sai ya nemi kundi ba, ya ɗaga kai kawai ya dubi rufin gidaje. A kan kusan kowane dal akwai ƙarafan rodi tsaye suna kallon sama, an bar su don hawa na gaba. Su ne niyya, kuma dillali yana sa musu kuɗi, domin gida mai rodi a ka bene ne wanda bai riga ya faru ba. Daga launinsu ake gane shekarar da abin ya tsaya. Rodin da ya yi baƙi ƙirin ya lanƙwashe, har kurciya ta saba da shi, wannan na da ne, ba a tambayar labarinsa. Wanda ya yi ja sosai na watan Agusta na 2019 ne, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020. Mai tsatsa sama-sama na takunkumin 2023 ne, da aka sake garƙame iyakar Ɗan Isa da Jibiya har farkon 2024. Wannan reshe na ilimi ana kiransa ilimin tsatsa, kuma ya fi yawancin rahotanni gaskiya, don ƙarfe ba ya neman lamuni wurin kowa.

Kuɗin da ke shigowa kasuwar ma yana da launi. Akwai na fito, akwai na hatsi da aya, akwai na zinariya tun da aka fara haƙarta a Jado a 2014, har ta ɓulla nan kusa a yankin Ɗan Isa a 2021. Dillalai sun fi son mai kuɗin zinariya, domin yana sauri, ba ya duba tsaga, kuma sau da yawa bayan shekara biyu shi ne ke dawowa yana cewa iyali sun koka da nisan makaranta.

Mas'ala: in gida ya yi girman da babu mai iya sayensa, mene ne hukuncinsa? Jawabi: sai ya sake sana'a. Ya zama makaranta mai zaman kanta, ko asibiti, ko ofishin furoje masu fararen motoci da ke biyan hayar shekara gaba ɗaya, waɗanda dillalai ke kukan sun yi ƙaranci a 'yan shekarun nan. In duk bai samu ba, a datsa falo da bulo a yi ɗakuna shiga-ka-kwanta a zuba ɗalibai, tunda garin ya samu Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da Jami'ar Maryam Abacha, kuma ɗalibi ba ya tambayar me ya sa ɗakinsa ke da rabin fitila.

Fasali a kan takarda, a taƙaice

Fili yana iya zuwa da takardar gargajiya mai shaidar mai gari, ko takardar da ake bayarwa bayan an yi lotisma, wato yankan filaye na hukuma, ko titir, wanda shi ne uban takardu. Mai saye na gaske yana neman na ƙarshen. Akan sami kuma fili mai albarka wanda ke da takarda biyu a hannun mutum biyu, kowanne da shaidunsa, abin da ke nuna ƙasar Maradi tana da yalwa fiye da yadda ma'auna suka zata. Irin wannan ne ke sa a rubuta a jikin katanga da baƙin fenti cewa nan ba na sayarwa ba ne. Malamina ya ce duk lokacin da ya ga wannan rubutu yakan tsaya ya ɗauki lambar wayar da ke ƙasansa, don ita ce kaɗai talla da al'adar garin ta yarda da ita.

Fasali a kan inda kasuwar ta dosa

Tun bikin Maradi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015, da aka shimfiɗa sababbin tituna, gudro, wato kwalta, ya zama rabin kuɗin gida, kuma karen da ke kan kwana, mai fuska biyu, ya zama sarki, don ana iya rage masa gudu ta ɓangare biyu. Amma cikin gari ya cika. Jama'ar da ƙidayar 2012 ta samu 267,249 ba su tsaya nan ba, don haka kasuwar ta fita bayan gari ta kama hanyoyi.

Hanyar Tibiri ita ce ta masu natsuwa. Gobirawa sun kafa garin ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kusa da 'yan'uwansu Katsinawan Maradi amma da 'yar tazara, yadda kowane sarki zai ji tambarinsa ba tare da na wani ya shiga ciki ba. Wannan tazara da magabata suka bari da hikima ita ce dillalai ke yankawa yanzu kare-kare. Inda dā dawaki ke sukuwa tsakanin fada biyu, yau turaku ne na siminti, da katangu masu kewaye da babu, kowace da ƙofarta ta ƙarfe a kulle don kada a sace filin. Mai saye a wannan hanya yakan ce yana son iska ne. In aka ci gaba da son iska haka, wata rana mai gadin ƙarshe na Maradi zai riƙa aron wuta wurin mai gadin farko na Tibiri, kuma sai an nemi masana su faɗi ƙasar wane sarki ce tsakanin butocinsu biyu.

Hanyar Jiratawa kuwa tana da matsala ta ilimi. Ƙasar can tana da wani aibi da kasuwar manyan gidaje ba ta saba da shi ba, wato tana ba da wani abu. Tun farkon shekarun 1980 aka yi fadamar noman rani mai kadada wajen 500, kuma zogalen Jiratawa ya yi sunan da har Yamai ana cinsa. Manomi yana tsinkar ganye ya cika buhu, mata su zo su saya, bayan 'yan makonni ganyen ya sake tohowa ba tare da an kira birkila ba. Je ka ce wa wannan mutum ya ba ka gonarsa ka dasa bene, wanda amfanin da yake bayarwa a wata shi ne takardar kuɗin wuta. Zai ce maka albarka tun kafin ka taya. Attajirai sun warware matsalar da ƙirƙiro garka mai katanga: a sayi wuri a gefe, a kewaye, a dasa mangwaro da lemo, a gina rumfa, a zo ran Lahadi a yi shayi. Ita ma zogalen ake nomawa a ciki, amma mai gadi ne ke sayarwa, don haka darajar mai wurin ba ta taɓu ba.

Sai kuma jirgin ƙasa. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi a watan Fabrairu na 2021, mai tsawon kilomita 284, kowace gona da ke kudu da gari ta zama kusa da tasha. Ni kaina an nuna mini inda tashar za ta zauna a wurare huɗu, dillalai huɗu, kowanne ya rantse, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe sai da muka sha mai. In duk suka tabbata, Maradi za ta zama garin da jirgi ke tsayawa fiye da yadda yake tafiya.

Akwai wani sabon salo da ya rikita ƙa'idar waje, kuma ba abin dariya ba ne ga waɗanda suka kawo shi. Tun da masu satar mutane don kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan iyaka a yankunan Madarunfa da Gidan Runji, masu hali na karkara suka fara sayar da shanu suna shigowa birni. Wannan mai saye ba ya son a rage gudu a ƙofarsa. Yana son katanga doguwa marar fenti, ƙofa mai tsatsa, unguwa mai jama'a, duk abin da za a kashe a kashe shi a ciki. Dillalai sun rasa yadda za su sa wa irin wannan gida kuɗi, don duk rayuwarsu abin da ake gani suke aunawa. Malamina ya ce shi ne karo na farko da ya ga an biya ƙari don gida ya yi kama da na talaka.

Mai kimanta gida na ƙarshe shi ne ruwa, kuma shi kaɗai ne ba ya karɓar la'ada. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ya sauka a Maradi kamar da bakin ƙwarya, ya rusa gidaje ya ɗauki rayuka, mafi yawa na masu ginin laka, ya kuma bi wasu tituna masu tsada ya nuna cewa shi ya riga lotisma sanin wurin. A watan Oktoba gwamnati ta rage kuɗin siminti. Tun daga lokacin mai saye ya koyi wata tambaya da kakansa ya koya a 1945 ya manta: ina ruwa ke bi? Dillali yakan amsa cewa ta gidan maƙwabci yake bi. Saboda haka masu wayo sun daina duba gida da rani. Sai damina ta sauka, su zo da dare bayan an ɗauke ruwa, da fitila a hannu da wando a naɗe, a matsayin masu neman akuyar da ta ɓata.

Kwanan baya na bi ta gidan nan mai awaki shida. Fenti sabo ne, an buɗe babbar ƙofa, yara na wasa a tsakar gida, amma dattijon yana nan kan tabarmarsa a gindin katanga, da furarsa da masu durƙuso. Na je gindin bedi na ce wa malamina ashe cinikin bai faɗa ba.

"Wane ciniki, Mushe? Gidan ga ba na saisuwa ba ne."

"To yaran da na gani fa, Baba?"

"Ɗiyan mai gidan ne. Sun tare tun watan jiya."

"Shi kuma Alhaji?"

Ya duba hagu ya duba dama, ya kashe waya ɗaya daga cikin ukun. Ya ce yana cikin sharaɗi: an rage wa mai saye miliyan guda, shi kuma ya bar wa Alhaji gindin katanga har bayan babbar Salla, safe da yamma, da ruwan alwala. Sannan ya ɗauki butarsa ya gyara hula, ya ce in tashi in raka shi, yau bai je gaishe shi ba.